Mu Zana Tsohon Garinmu Tun Masu Saninsa Suna Raye

Duk wanda ya buɗe taswirar Ghana a yau zai ga Kete Krachi a bakin Tafkin Volta, cikin Yankin Oti. Amma garin da kakanninmu suka zauna yana ƙarƙashin wannan shuɗin launi da aka shafa wa takardar. Tun daga 1964, lokacin da madatsar Akosombo ta fara tare kogi, ruwa ya yi ta hawa har ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500. An tashi mutane wajen 80,000, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Tsohuwar Kete, da kasuwarta da masallatanta da unguwanninta, tana cikin abin da ruwan ya ci.

Ya 'yan'uwa, garin nan ba ƙaramin wuri ba ne a tarihinmu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai da yawa suka kwararo kudu suka sauka a Kete. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin garin, ya karantar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934. Gishirin Ada yana hawowa ta kogi cikin kwale-kwale, goro kuma yana bin hanyar Gwanja zuwa ƙasar Hausa. Jamusawa ma sun kafa bariki a nan a 1894.

Turawa sun zana wannan ƙasa sau da dama, kowane zane da manufarsa. A 1888 Ingila da Jamus suka keɓe yankin da ya haɗa Salaga da Yendi, suka ce ba na kowa ba ne a cikinsu. A 1899 kuma suka raba shi, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi kuma hannun Jamus. Irin waɗannan taswirori iyaka suke nunawa. Ba su damu da rijiyar da mata ke ɗibar ruwa ba, balle zauren da almajirai ke karatun dare.

Wannan ne ya sa a hutun makaranta na tara yaran makarantar allon mahaifina, muka nufi dattawan zango da manyan takardu da tawada da alƙalamin kara. Mun lura cewa tsoho ba ya sakin jiki da takarda, saboda haka a ƙasa muke farawa. Sai ya share rairayi da tafin hannu, ya fuskanci gabas, ya aza dutse ya ce nan ne masallaci, sannan ya ja hanyoyi da sandarsa. Yara suka ce a makarantar boko arewa ce ke sama. Na shaida musu cewa wannan al'ada ce kawai, domin Al-Idrisi, a taswirar da ya kammala wa sarkin Sisili a 1154, kudu ya sa a sama. Na kuma tuna musu cewa a 1824 an ba Bature Kilafatan taswirar ƙasa a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, har aka buga ta a Landan. Zanen ƙasa ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bambancin tunawar maza da ta mata. Maza sun riƙe zaurukan malamai da masaukin ayari da filin idi. Iyayenmu mata kuwa su ne suka san mashigin wanki, da inda ake tsintar kaɗanya, da rumfunan masu gishiri. Wata gwaggo ta gyara wa wani dattijo wurin wata kuka, aka yi ta musu har la'asar. Muka zana duka biyun, muka rubuta wanda ya faɗi kowanne. Duk suna mun sa shi da ajami da boko.

Daga baya muka yi taswira ta biyu, ta hanyar da ta taso daga Bawku, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, ta biyo Yendi da Salaga har Krachi, tare da kogunan Oti da Daka, da Gandun Dajin Digya a ƙetaren tafki. Kowane yaro ya je gida ya tambayo inda kakanninsa suka biyo, ya zo ya ɗiga alama. Yaron da aka sha kira baƙo a filin wasa ya ga cewa gidansu yana Kete tun zamanin Jamus, gani kuwa ya kori ji.

Lokaci yana ƙure mana. Wanda yake da shekara 10 a 1964 ya haura 70 yanzu, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wata unguwa. Aikin nan ba ya bukatar kuɗi: bayan tsohuwar kalanda da fensir da yammaci ɗaya sun isa. Maigida ya zaunar da 'ya'yansa gaban kakarsu, a zana, a rubuta ranar da sunan mai ba da labari, a ɗauki hoto da waya a aika wa dangi na Kumasi da Ankara da Lome. 'Yan'uwanmu na Salaga su lissafa tsofaffin rijiyoyinsu, na Yendi da Bawku su zana zangunansu tun gine-gine ba su sauya musu kama ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.