Jirgin Fari da Injin da Ya Dace da Shi

Gulbin Rima ba ya zama da fuska ɗaya. Wanda ya gan shi a watan Agusta, sa'ad da Bunsuru da Gagare suka kawo nasu ruwan ta ƙasar Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya gangaro da nasa, zai ce ba a taɓa ƙetare shi da ƙafa ba. In ya komo a watan Maris sai ya tarad da rairayi da 'yan tafkuna, yara suna tona laka suna neman gaiwa. A bakin wannan gulbi Gobirawa suka zauna Alƙalawa har aka ci ta a 1808, a bakinsa kuma Sabon Birni take. Duk mai son sayen jirgi a ƙasarmu, to, ya fara sanin wannan hali na ruwa kafin ya san kuɗin katako.

Ni ba masunci ba ne, aikin akawu nake yi. Amma tun zamanin En'e, wadda aka rushe a 1976, mutanenmu sun saba kai wa akawu lissafinsu, har yau kuwa ba su bari ba. Ta haka maganar ɗan ƙanwata ta zo hannuna. Ya yi shekaru yana bin Sarkawa, ya iya jefa birgi, ya iya kafa mamari, ya sayar da sa guda da albasar shekara biyu. Ya ce, "Kawu, jirgi nake so babba, da inji mai doki 40." Na tambaye shi dalili, ya ce irinsa ya gani a madatsar ruwan Goronyo yana gudu kamar mota.

Na ce masa ruwan Goronyo dabam, namu dabam. Can an tare gulbi tun 1984, ruwa yana kwance rani da damina. Mu kuwa muna bisansa, ba mu da sai abin da damina ta ba mu. Injinsa zai yi aiki sosai daga Yuli zuwa Oktoba, watau wata 4, sauran watanni 8 yana jingine a zaure, kuɗin sa da albasa suna tsatsa.

Sa'an nan muka ɗauki takarda. Injin Yamaha mai doki 15, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, nauyinsa wajen kilo 40 ne, mutum ɗaya yana saɓa shi ya kai gida da magariba. In an buɗe masa wuta duka yana shan lita 7 ko 8 cikin awa. Mai doki 40 ya wuce kilo 70, sai mutum biyu, yana kuwa shan wajen lita 20. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita sai an sayar da tarwaɗa da karfasa kafin a biya ta. Na ce ya gaya mini kwando nawa zai kama a awa ɗaya. Ya yi shiru.

Akwai kuma abin da masu sha'awar gudu ba su lura da shi. Jirgin katako mai nauyi ruwa yake tsagawa, tsawonsa ne ke yanke masa iyakar gudu. In ya kai wannan iyaka, kome wutar da ka ƙara, gindinsa ne zai nutse, goshi ya ɗaga, ruwa ya riƙa leƙowa ta baya. Ƙafar inji ma iri biyu ce, gajera ta inci 15 da doguwa ta inci 20. A gulbi mai rairayi irin namu doguwa tana sharar ƙasa, farfela ta lanƙwashe, yashi ya cinye robar da ke jawo ruwan sanyaya inji. Masu gyara suna cewa ka riƙa duban fitsarin inji. In ya tsaya, ka kashe nan take.

Game da jirgin kansa, dattawan Sarkawa sun fi ni sani, wurinsu na tura shi. Sun ce ya nemi mai faɗin ciki wanda ba ya cin ruwa da yawa, wanda in fetur ya ƙare mutum zai iya tura shi da gora shi kaɗai. Sun ce ya ƙwanƙwasa kowane katako ya ji amonsa, ya bi haɗin da ido, ya bar jirgin ya kwana cikin ruwa ya ga abin da zai sha kafin safiya. Maɗaci ne suka fi yabo, sai dai ya yi wuya yanzu.

Amma fa abin da ya fi damuna ba fetur ba ne. Babban inji yana kiran lodi. Wanda ya ci bashi ya saye shi ba zai tsaya ga su ba, zai koma fito, ranar kasuwa ya ɗora mutane da babura da buhuna domin ya mai da kuɗinsa. Yanzu kuwa da 'yan bindiga suka dami hanyoyin Isa da Sabon Birni, mutane da yawa ruwa suke bi, wani lokaci da dare, a firgice. A watan Agusta na 2025 wani jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyar kasuwar Goronyo, gidaje da yawa suka yi zaman makoki. Ba na so ɗan ƙanwata ya zama matuƙin da ake nunawa da baki.

Ya sayi jirgi matsakaici da injin doki 15 mai gajeriyar ƙafa, wanda wani ya yi damina biyu da shi. Abin da ya rage ya sayi kalli da rigunan ceto guda 4, ya ajiye kuɗin farfela ɗaya. Har yanzu in babban jirgi ya wuce shi yakan bi shi da kallo, uwarsa ce ta gaya mini. Ita kuma ta sa na rubuta masa a jikin katako, da fenti, yawan mutanen da Sarkin Ruwa ya ce jirgin zai ɗauka: 6, har da shi.