Jar Fitila a Hanyar Malumfashi

Duk wanda ya san ƙasar Malumfashi ya san cewa kaka ba ta manomi kaɗai ba ce, har da direba. Da zarar an yi girbi, sai hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratso Bakori ta cika da motoci ɗauke da masara da dawa da auduga. A cikinsu kuwa ba a rasa tsofaffin Fijo ƙirar J5, waɗanda aka ƙera a Turai tsakanin 1981 da 1993, amma har yau suke ciyar da gidaje masu yawa.

Akwai wani direba da ya mallaki ɗaya daga cikinsu, bayan ya sayar da shanun huɗarsa. Wata rana da azahar, yana tsaye a tasha inji na silo, sai ya ga jar fitilar mai tana ƙyaftawa. Da ya taka totur sai ta mutu, da ya ɗaga ƙafa sai ta dawo. Yaron motarsa ya ce, “Maigida, ai waya ce kawai, mu cire ta mu huta.” Shawarar ta yi masa daɗi, domin kuwa an riga an yi lodi. To, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya lallaɓa da motar wurin wani tsohon bakanike a bayan tasha.

Tsohon bai taɓa sufana ba sai da ya yi tambaya. “Da sanyin safiya take kamawa, ko sai inji ya yi zafi?” Direba ya ce, “Sai ya yi zafi, Baba.” Sa'an nan ya zare sandar awon baƙin mai ya duba, ya ga mai bai gaza ba. Ya murza shi a yatsa, ya sansana, ko fetur ya zurara ciki ya tsinka shi, bai ji komai ba. Daga nan ya kwance suwicin da ke kunna fitilar, ya ɗaura geji mai allura a gurbinsa, don ya san ko suwicin ne ke ƙarya. Da inji ya huce aka tayar, allura ta haye sama. Bayan ya ɗauki zafi, sai ta yi ta sauka har ta kusa kwantawa. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce a sami kamar fam 10 na matsi a kowane juyi 1,000 na inji cikin minti ɗaya, wannan kuwa bai kai ba.

Tsohon ya yi masa bayani da abin da ya sani, watau ban-ruwan fadama. Ya ce famfon mai turawa kawai yake yi, ƙuncin hanya shi ke kawo ƙarfi. In tiyo ya huje, ko inji na aiki ruwa ba zai kai ƙarshen fage ba. Haka nan ƙarafunan da ke rungume da karanshaf, waɗanda ake kira metal, in sun cinye sai rata ta buɗe, mai ya riƙa tserewa, balle in zafi ya tsinka shi. Fitilar kuwa ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, saboda haka ba farkon ciwo take nunawa ba, sai wanda ya riga ya yi nisa.

Da aka sauke kwanon mai, sai ga rariyar famfo ta toshe da dauɗa, sakamakon ƙurar hunturu da jinkirin juye da man kwalba na bakin hanya. Metal ma sun ci har jan ƙarfen ciki ya bayyana. Direba ya ce, “Baba, ba za a zuba mai kauri in ƙarasa kakar nan ba?” Tsoho ya ce, “Ɗana, mai kauri zai kashe fitila, amma ba zai mayar da ƙarfen da ya tafi ba. Yau metal za ka saya. In inji ya buga a daji, inji za ka saya, kayan mutane kuma suna kanka.”

A nan ne maganar ta yi nauyi. Ajiye mota kwana uku a tsakiyar kaka asara ce da iyali za su ji a tukunya, kuma wanda ya ba shi lodi zai nemi wani. Duk da haka ya sauke kayan, ya ba mai su haƙuri, ya bar motar a gareji.

Bayan gyara, ya roƙi tsohon ya kafa masa geji na dindindin kusa da sitiyari. Tun daga ranar yake lura da inda allura ke tsayawa da safe, da inda take komawa in ya iso Dayi inji ya yi zafi, domin sauyin da ke tsakanin jiya da yau shi ne labari. Yaron motar ma ya koyi zare sandar awo kafin a tayar. Masu iya magana sun ce jiki magayi. Jikin mota ma yana faɗa, sai dai mai kunnen ji. Wanda ya tsinke waya don kada ya ga ja, ya kori ɗan aike ne kawai, saƙon kuwa yana nan tafe.