Gumin Wani a Hannunmu

A gidanmu da ke wani ƙauye na ƙasar Ikara, ba a saɓa fartanya sai an buɗe Littafi Mai Tsarki. Baba ne ke karantawa daga tsohon juyi na 1932, wanda Likita Miller na Wusasa ya yi wahalar fassararsa, yana bin jadawalin karatun kullum da ake rabawa a majami'a. Mu kuwa namu amin ne, da sauran barci a ido.

Sai a ranin 2016 karatun nan ya daina zame mini al'ada. A shekarar ce tsutsa ta auka wa tumatir, ta bi fadamun Ikara da Makarfi da Kudan tana huda ganye da 'ya'ya, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin cikin watan Mayu. Mun yi feshi har magani ya ƙare, gona ta koma kamar an cinna mata wuta. Farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo a daidai lokacin da ba mu da ko guda na sayarwa.

A makonnin nan jadawali ya kawo mu littafin Ayuba, na kuwa rungume shi hannu biyu. Ga adali da ya rasa dukiya ba da laifinsa ba, wane ne wannan in ba mu ba? Ni ke riƙe da littafin lissafin gona, na san akwai 'yan ƙodago shida, maƙwabtanmu Musulmi daga wajen Hunkuyi, da ke bin mu kuɗin ban-ruwa na mako uku. Na riga na yanke a raina cewa su jira baɗi, tunda annoba ba ta bar kowa ba.

Wata safiya karatun Sabon Alkawari ya faɗa a kan wasiƙar Yaƙub, sura ta 5, inda ake tuhumar masu gona da suka danne ladan ma'aikatansu. Baba ya kai ƙarshe, ya rufe littafin, ya dube ni.

"Nawa suke bin mu?"

Na faɗa masa, na ƙara da cewa, "Baba, ai mawadata ake nufi. Mu ma abin tausayi ne."

Ya ce, "Ɗana, ga wanda ya kwana da yunwa saboda kuɗinsa na hannunka, kai ne mawadacin."

A makon nan ya kora ɗaya daga cikin shanun hudarmu zuwa kasuwar Makarfi. Sa ne da aka ware domin kuɗin makarantata. Aka biya mutum shida daidai wa daida, ni kuwa na zauna gida shekara guda ina kallon sa'o'ina suna wucewa da jakunkuna.

Ba zan ce na yi murna ba. Na daɗe ina cewa amin da baki, zuciya na ƙuna. Wanda ya ba mu bashin taki bai yafe mana ko kwabo ba, damina kuma ba ta zo da wata al'ajabi da za ta mayar mana da san nan ba. Abin da na samu shi ne gyaran karatu. Dā ina shiga Nassi ina neman wurin da aka ambaci zaluncin da aka yi mini, ban taɓa tsammanin zan tarar da kaina a layin waɗanda ake ƙara ba. Wahalata gaskiya ce, amma ba ta zama izinin ɗora ta a wuyan wanda ya fi ni rauni ba.

Yesu Almasihu ya kira almajiransa su ɗauki gicciye kowace rana. Na zaci sai a bakin takobi ake yin haka. Ashe ana yin sa a kasuwar shanu, da igiya a hannu.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, ni ke karantawa da safe. Kafin in buɗe littafin, nakan tambayi kaina wa ke bi na.