Zoɓon Potiskum: Gara A Saya A Hannun Mai Shuka

Matafiyin da ya kamo hanyar Kano zuwa Maiduguri, in ya wuce Azare, babban garin da zai riska shi ne Potiskum ta Jihar Yobe, garin Ngizim da Bolawa da Karekare, inda Sarkin Fika ya komo da zama a 1924. An san garin da kasuwar shanu mai ci ran Laraba, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Amma akwai wata haja wadda ba ta da ƙaho, ba a kuwa yi mata kirari, watau zoɓo.

Zoɓo daga jikin yakuwa yake fitowa. Ƙananan manoma na ƙauyuka su kan shuka ta da damina, a gefen gona ko tsakanin gero da gyaɗa. Da kaka ta yi sai mata da yara su tsinko, su ɓare da hannu, su shanya. Ganyen ya shiga miya, ƙwayar a yi daddawar batso, jan kuwa a kai kasuwa.

To, a nan gizo ke saƙar. Dillali ya kan bi masu mudu biyu da masu tiya biyar ya saye, ya zuba a buhu ɗaya. Wanda aka shanya a tabarma da wanda aka baza a ƙasa ya kwashi yashi, duk sun zama kuɗi ɗaya. Daga nan buhu ya nufi Kano, wani ma har ƙasar Meziko, inda ake shan zoɓo ƙwarai. Sunan mai wahala ya ɓace tun a bakin buhu.

Manoman inabi na yankin Shamfen a Faransa sun san wannan ciwo. Galibin gonakin nasu ne, amma manyan kamfanoni ke sayen amfanin su sa sunansu. Shi ya sa waɗansu ke sarrafa nasu da kansu, su buga haruffan RM a kwalba, alamar mai noman shi ne mai haɗin, masu saye kuma su bi su har gida. Abin da suke yi giya ce, haramun ga Musulmi, amma dabarar tsare suna abin koyi ce.

Saboda haka baƙon da ya sauka Potiskum da kaka, gara ya nemi wanda ya kawo daga gonarsa. Ya duba ja mai duhu, ya damƙa ya ji ya bushe ƙarau, ya girgiza ya ga ko yashi zai zuba, ya shinshina ko da warin fumfuna. In ya dace, ya biya ba ƙwara, ya riƙe sunan ƙauyen don baɗi. Manomin da ya san za a komo nemansa ba ya shanya a ƙasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.