Abin da Na'urar Auna Iska ta Koya Mini a Matameye

Daga Nuwamba har zuwa Maris iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta juye mana a Matameye. Leɓe ya tsage, yara su kama tari, mu ce ai lokacinsa ne. Mafi haɗari a cikinta ido ba ya gani: ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashi siranta kusan sau 30, suna ratsa hanci su lafe can cikin huhu.

Saboda fukar inna, ƙanena da ke karatu a Damagaram ya kawo wata ƴar na'ura ya rataye a bakin rumfarta. Ƙaramar fanka ce a ciki ke zuƙo iska, hasken leza ya ƙirga ƙwayoyin, adadin ya fito a wayata. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yini a maikurogiram 15 cikin kowace kubik mita ta iska. Gidanmu kan tsallake wannan iyaka da magariba, idan an hura murhu kuma maƙwabta sun cinna wa bola wuta, ko da sararin sama garau yake. Muka mayar da murhun nesa da ɗakinta, kuma duk ranar da adadin ya hau nakan ce, "Inna, yau ki bar sharar nan, ki huta a ciki." Ta samu sauƙin numfashi da dare.

Sai dai na'ura mai araha ba ta cika kama ƙurar hamada ba, takan nuna ƙasa da gaskiya. Dole a riƙa gwada ta da manyan ma'aunai irin na tashar Banizumbu, gabas da Yamai, wadda ta fara auna ƙura a 2006.

Na'ura ɗaya kuma halin yanzu kawai take faɗa. Da za a jera su a Kance, Magarya, Dungas da Mirriya, a haɗa bayanansu da hasashen ƙura na wata cibiya da ke Basalona, da mun san hazo na tafe tun bai iso ba. Sanin hakan na da muhimmanci, domin busasshiyar iska mai ƙura na share wa sanƙarau hanya, kuma daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 cutar ta kama mutum 559 a jihar Damagaram, har da nan Matameye.

Ina roƙon magajin gari da rediyoyinmu na karkara: a sa waɗannan na'urori a likita da makarantu, a riƙa karanta mana halin iska cikin labaran safe.