Bazarar Faris da Adakar Iyayenmu Mata



Duk shekara idan Satumba ta kama, manyan gidajen ɗinki na Turai da Amurka sukan baje kolin tufafin matan da suka tanada wa bazara mai zuwa. Akan fara daga Niyok, a bi ta Landan da Milan, a rufe da Faris a farkon Oktoba. Kayan ba sa shiga kantuna sai bayan wasu watanni, amma hotunansu ba sa kwana a hanya. Kafin gari ya waye sun iso wayoyin 'ya'yanmu mata a zangon Kumasi da Nima da Tamale, a ji ana cewa bana launi kaza ake yi, hannun riga ya faɗaɗa, siket ya sauka ko ya hau. Mu da aikinmu shi ne riƙe alƙalami a zauren dattijon unguwa, da mun so mu ce wannan ba huruminmu ba ne. Sai dai maganar tufafin mata tana shigo mana ta ƙofa biyu, ƙofar lefe da ƙofar gado.

Ita kanta kalmar bazara aro ce masu fassara suka yi, kuma ba ta zauna daidai ba. Lokacin da Turawa ke nufi shi ne Maris zuwa Mayu, sa'ad da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho, mutane su tuɓe ulu mai nauyi su nemi abu mai sauƙi. Canjin tufafi a wurinsu yana da dalili na jiki. Bazarar Bahaushe kuwa zafi ne mai dafa ƙwai kafin saukar ruwa, mu kuma a nan Kumasi watannin ne ruwan farko ke zuba. Babu ɗaya a cikinsu da ke tilasta wa mace canja abin da ke cikin akwatinta. Kalandar ɗinkinmu da wata take tafiya: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, Maulidi, sai aure da suna.

Wanda ya mayar da yanayi ya zama kasuwa wani tela ne ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, da ya buɗe gidan ɗinki a Faris a 1858. Kafinsa mai kuɗi ce ke gaya wa tela abin da take so. Shi sai ya juya al'amarin, ya riƙa tsara samfura tun da wuri, ya sa 'yan mata su saka su a gaban masu saye, ya kuma ɗinka sunansa a cikin rigar. Daga nan sunan tela ya shiga cikin farashi. Amma wanda ya nuna iyakar ƙarfin abin shi ne Christian Dior. A ranar 12 ga Fabrairu, 1947, ya fito da kayansa na bazara: kafaɗa mai laushi, ƙugu a tsuke, siket mai tsawo da yalwa wanda wani kan ci yadi kusan 20. A lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, a Ingila ma sai da kati ake sayen tufafi har zuwa 1949. An yi ta suka, an ce almubazzaranci ne. Duk da haka, cikin ɗan lokaci gajerun rigunan zamanin yaƙi suka zama abin kunya a jikin masu su, alhali ba su yage ba, ba su koɗe ba.

Ba za mu tauye musu haƙƙi ba. A ɗakunan ɗinkin Faris akwai mata masu aikin allura da kan shafe ɗaruruwan sa'o'i a kan riga guda, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da mai aikin aska takwas a babbar riga ya san darajar irin wannan haƙuri. Shari'a ma ba ta hana mace ado ba. Alharini da zinariya da aka haramta wa maza, an halatta mata su. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wa'adin. Rigar tana fitowa da ranar mutuwarta a rubuce, domin bayan wata shida za a kawo wadda za ta tsufar da ita. Kamfanin Burberry na Ingila ya bayyana da kansa a 2018 cewa a shekara guda ya ƙona kayan da ba a saya ba na fam miliyan 28.6, kuma sai da duniya ta yi ca kafin ya ce ya daina. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana lalata irin waɗannan kaya. Ga duk wanda ya yi karatun zaure, ba sai an gaya masa sunan wannan aiki ba.

Wutsiyar al'amarin kuma a ƙasarmu take faɗuwa. Abin da manyan gidaje suka nuna, kamfanonin kayan araha kan kwaikwaye shi cikin 'yan makonni, a saka sau biyu ko uku a jefar, a ɗaure shi dila-dila a turo kasuwar Kantamanto ta Accra. An ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga wannan kasuwa a kowane mako, kuma kaso mai yawa a juji da bakin teku yake ƙarewa. 'Yan matan arewa masu dako, waɗanda ake kira kayayei, su ke ɗaukar dilolin a ka. Da gobara ta cinye mafi yawan kasuwar a farkon Janairun 2025, akwai 'yan zango a cikin waɗanda suka wayi gari ba jari.

Yanzu ga abin da idonmu ke gani. Idan tsohuwa ta rasu a unguwa, bayan an share makoki, akan kira mu mu rubuta abin da ta bari kafin malamai su raba. A fito da adaka daga ƙarƙashin gado, a buɗe, ƙamshin kafur ya cika ɗaki. Akan gayyato dillaliya, domin ita ta san kuɗin zane. Mun sha zama muna rubutu tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Turmin atamfar Holan da ba a sa masa almakashi ba, ko ya shekara talatin a ninke, sai ta shafa shi, ta duba bakinsa, ta faɗi sunan zanen, ta yanka masa kuɗi ba tare da jinkiri ba, sau da yawa fiye da yadda aka saye shi. Shadda ma haka, sarƙa da warwaro kuma a kai su ma'auni. Idan aka zo kan ɗinkakkun kaya, musamman waɗanda aka yi wa ɗinkin wani zamani, sai ta tura su gefe ta ce, "Malam, waɗannan kada ka wahalar da alƙalaminka, a ba mabukata."

Wannan adaka ita ce bankin iyayenmu mata. Da turmi guda an biya kuɗin makarantar yaro, an kai mara lafiya asibiti, an yi jingina an karɓi jarin koko da ƙosai. Mace ba ta neman izinin kowa kafin ta sayar, domin mallakinta ne. Mun san gidajen da turamen uwa suka rufa wa asiri shekarar da kasuwar uba ta karye, uban ma bai san daga ina tuwo ke fitowa ba.

Wani zai ce, to ai Holan ɗin ma ta Turawa ce. Gaskiya ne. Kamfanin Vlisco a garin Helmond yake tun 1846, kuma asalin sana'ar kwaikwayon rinin mutanen Jawa ne na Indonesiya. Shaddar Getzner da muke taƙama da ita daga Bludenz ta Ostiriya take zuwa. Ba mu da bakin cewa namu na gida ne, nasu na waje. Bambancin yana wani wuri dabam. Ita atamfa ba a ɗinke take zuwa ba, kuma zanenta ba ya mutuwa. Ana sake buga wanda kakanninmu suka ɗaura, matan kasuwa ne suka raɗa masa suna, su ne kuma ke riƙe da darajarsa. Tsufa ƙara mata kuɗi yake yi. A kayan manyan gidajen ma akwai 'yan kaɗan masu wannan hali: jakar Hermès ta farko da aka yi wa Jane Birkin an yi gwanjonta a Faris a Yulin 2025 a kan sama da Yuro miliyan 8. Amma wannan ba ita ce ke zuwa lefen zango ba. Abin da ke zuwa mana kwaikwayon kwaikwayo ne, tambari a waje, roba a ciki, damina biyu ta fara ɓarewa.

Su kuma can ba su jin nauyin ɗaukar namu. A kayan bazarar 2007, gidan Louis Vuitton ya fito da jaka mai kama da buhun nan mai ratsi-ratsi da ake kira Ghana Must Go, wanda mutanenmu suka cusa komatsansu a ciki lokacin korar 1983 daga Nijeriya. Waɗanda suka ɗauki wannan buhu a ka har iyakar Aflao suna nan da rai a cikinmu, kuma ba ado suka ɗauke shi ba.

Kada dai mu ɗora wa Faris laifin da yake namu. Abin da 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira anko, mu a zango yayi muke ce masa, kuma sunan ya dace. Faris sau biyu take canja kaya a shekara, mu kuwa kusan kowace Lahadi akwai aure, kowane aure da yayinsa, wani ma biyu ko uku: na dangin amarya, na dangin ango, na ƙawaye. A sayi yadi bashi, a kai wa tela hoton da aka ciro daga waya, a yanka shi yankan da ba zai sake ɗinkuwa ba, a saka yini guda, a ɗauki hoto. Da hoton ya hau Facebook rigar ta gama aiki, domin kowa ya gan ta. Kuɗin da uwa za ta mayar turmi ta ajiye, 'yarta ta mayar da shi abin da dillaliya za ta tura gefe. Mun ga matar da ta daina zuwa bikin dangi saboda ba ta da kuɗin yayi, aka ce girman kai ne, har zumunci ya yi tsami, maganar ta zo zaure.

Ta fuskar lefe abin ya fi ciwo. An taɓa kawo ƙarar wani lefe da aka mayar. Akwatunan cike suke, amma ƙawayen amarya sun duba sun ce jakunkuna da takalman na bara ne. Dangin ango suka ce sai da suka ci bashi kafin su haɗa. Dattijo ya sa muka karanta jerin kayan da ƙarfi, muka karanta, sai ya tambayi gwaggon amarya: "Hajiya, a cikin nan me yarinyar za ta iya sayarwa ranar da ta shiga matsi?" Aka ƙirga, turmi uku ne kacal, sauran duka ɗinkakku ne da kayan tambari. Gwaggon ta yi shiru, domin ita da turmi goma sha biyu aka kai ta ɗaki, kuma biyu suna nan har yau. An daidaita a kan a rage jakunkuna a ƙaro atamfa, aka ɗaura aure bayan mako uku.

'Yan matan ma suna da tasu hujja, kuma mun saurara. Wata ɗiyar ƙanwarmu ta ce, "Kawu, su Inna ba su da asusun banki ne shi ya sa suka tara zane. Ni kuɗina a waya suke. Kuma atamfar yanzu rabi jabu ce daga Sin, wa zai ajiye ta shekara talatin?" Maganar jabu gaskiya ce, masaƙun Tema da Akosombo sun daɗe suna kuka da ita, dillalai ma yanzu sai sun duba lambar bakin zane da kyau kafin su yi ciniki. Maganar waya kuwa, mun tuna mata cewa a 2007 an cire sifiri huɗu daga sidi, dubu goma ta koma ɗaya, kuma tun daga nan darajar sidin ta zube ƙwarai, alhali turmin da aka ajiye a shekarar yana nan da yadinsa shida. Ta yi dariya ta ce za ta yi tunani. Ranar Lahadin da ta biyo baya akwai auren ƙawarta, yayi biyu aka fitar, kuma duka biyun ta ɗinka.