Neman Jitar Bes a Ƙasar Rake

Ƙanwata ce ta kira ni daga Makarfi, inda take aure sama da shekara 20. Ta ce, "Yaya, ɗanka ya tara kuɗin noman raninsa, wai jita zai saya, irin taka mai kaurin murya. Don Allah ka zo ka duba masa kafin a cuce shi." Na yi shekara 11 ina kaɗa wannan jita a gidajen biki tsakanin Maraɗi da Yamai kafin in koma kasuwa, saboda haka ban tsaya dogon tunani ba. Na biyo ta Ɗan Isa da Jibiya, na ratsa Katsina da Kano, na sauka a Tashar Yari cikin watan Janairu, hunturu na tsakiyar cin kasuwarsa.

Abin da ya fara tarbata rake ne. A bayan babur rake, a kan amalanke rake, manyan motoci kuwa an lafta musu dami har suna rangaji. Ƙasa ce mai fadama da albarka, mutanenta kuma ba sa wasa da baƙo. Sai dai na kwana biyu ina kasa kunne, ban ji abin da na saba ji a gida ba. Mu can jita ba baƙuwa ba ce. Ƙungiyar Tal National a Yamai, da su Bombino da Mdou Moctar daga yankin arewa, sun sa yaro na tasowa yana ganinta a hannun manya, kuma duk inda aka jera jitoci akwai mai riƙe musu gindi da wadda muke kira bas, su nan suke cewa bes. A nan kuwa fiyano da kwamfuta sun gaje wurin. Duk wani ƙugi da ke ƙarƙashin waƙoƙin finafinan Kano da na biki, yawanci yatsun mai fiyano ne suka fitar da shi. Dattawa na tuna marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna, lokacin da ake nuna su a talabijin cikin shekarun 1980, amma samarin yanzu da yawansu ba su taɓa riƙe bes ba.

Yaron ya nuna mini hoton wadda yake so a waya: baƙa wuluk, tana sheƙi, tsirkiya 5, maɓallai reras a jiki. Na tambaye shi a ina ya taɓa jin muryarta. Ya ce, "A nan, Kawu," ya ɗaga wayar. Nan na gane inda aikin yake. Tsirkiyar da ta fi kauri a bes mai 4 tana karkaɗawa sau 41 ne kacal a daƙiƙa guda, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Inuwar muryar yake ji. Bes a ƙirji ake jin ta, kamar yadda ake jin gangar noma daga bayan gari tun ba a hango masu gayya ba.

Rana ta uku mahaifinsa ya ɗauke mu zuwa Kudan gaida wani yayansa mai dafa mazarƙwaila. Muna zaune kusa da tukwanen, tururi mai zaƙi na dukan fuska, sai mahaifin yaron ya fito da abin da ke cin sa. Ya ce, "Malam, mu fa ba mu gaji kiɗa ba." Na fahimce shi sarai, don ni ma mahaifina ya faɗa mini haka. Na ce masa mai bes ba ya wasa kowa, ba ya miƙa hannu a ba shi, yana can baya ne yana riƙe wa jama'a lokaci. Na kuma ce idan yaro ya iya tashi da asuba ya ba tumatir ruwa wata uku don ya cika burinsa, ai an ga irin hankalinsa. Bai ce na gamsar da shi ba. Ya dai ce kada karatu ya taɓu, kada kuma a ji ƙara lokacin salla.

A wurin ne na ga dattijon mai mazarƙwailar ya zaro kara guda daga dami, ya kanne ido ɗaya, ya kai gindin kusa da fuska ya leƙa tsawonsa, sannan ya bi gaɓoɓin da babban yatsa. Na taɓa yaron na ce ya duba da kyau, gobe haka zai yi.

Washegari muka shiga Sabon Garin Zariya. A wani shago muka tarar da irin ta hoton nan a rataye. Yaron har hannunsa na rawa. Na ce ya ɗora gindinta a ƙasa ya leƙa wuyan daga sama, yadda aka leƙa raken jiya. Ya leƙa, ya yi shiru, ya ce, "Kawu, kamar ta murɗe." Ta murɗe kuwa, gefe guda ya fi ɗaya tashi. Tsirkiyoyin bes na jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. Shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikin katakon, wadda ake juyawa da alanki a miƙar da shi. Idan wuya ya ɗan yi baka, wannan sanda na gyara shi, ana juya ta kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfi ba. Idan ya murɗe kuwa, ba ta da abin yi masa. Mai shagon ya ce zai rage mana kuɗi sosai. Na yi masa godiya muka fito.

A mota na yi wa yaron bayanin abin da ya sa ko da lafiyarta ƙalau ba zan so ya fara da ita ba. Tsirkiya ta biyar na faɗaɗa wuya, ga shi sabon hannu bai iya kashe tsirkiyar da ba a kaɗa ba, sai ta dinga gurnani ita kaɗai tana dagula sauti. Maɓallan nan masu yawa kuma alama ce ta cewa akwai batir mai ƙarfin bolt 9 a cikinta. Ranar da ya mutu, jita ta yi shiru ko ta kama shaƙewa, kuma idan aka bar waya a soke a jikinta batirin na zuƙewa ko ba a kiɗa. Wadda ba ta cin batir ita ta dace da ƙauye. Tun 1951 da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka, tsirkiya 4 ce, ba batir, kuma irinta James Jamerson ya riƙe ya ɗauki waƙoƙin kamfanin Motown masu ɗimbin yawa. Sunan Precision ɗin ma daga gaɓoɓin ƙarfen da aka jera a wuyan ya samo asali, don su ke sa yatsa ya faɗa daidai kan sauti, abin da tsohuwar bes ta tsaye, wadda ta kai tsawon mutum, ba ta da shi.

Wani abokin karatun yaron ne ya ce mu gwada Ikara. Ban sani ba sai da na je, ashe akwai Hausawa Kirista da dama a ƙauyukan yankin, har cocin Angalikan na da dayosis a garin, kuma a wurin mawaƙan coci bes ta samu mafaka a wannan ƙasa. Aka haɗa mu da wani malamin makaranta da ke kaɗa wa mawaƙansu. Ya sayi sabuwa, yana neman mai sayen tsohuwar, wata Yamaha mai tsirkiya 4 da fentinta ya goge a inda hannu ke kwanciya.

Na bar yaron ya yi komai da hannunsa. Ya leƙa wuya, miƙe yake. Na sa ya danne tsirkiya mai kauri a gaɓar farko da ta ƙarshe lokaci guda, ni kuma na zura katin gayyatar biki a tsakiya, tsakanin tsirkiya da ƙarfe. Ya shige da ƙyar, haka ake so. Ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya yana sauraron inda za ta yi zizar ƙudan zuma, bai samu ba. Da ya shafa gefen wuyan sai ya janye hannu, bakin ƙarafan sun ɗan fito suna kartar fata. Malamin ya yi murmushi ya ce, "Hunturu ne, ɗana. Katako ya sha iska ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa." Gaskiya ya faɗa, a Maraɗi ma haka muke fama, 'yar zarto mai laushi ke maganinsa. Shi ya sa ba a jingine jita a rana ko a bar ta cikin mota. Muka murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya huɗun, ba wanda ke sulɓewa. Muka girgiza wayar a bakin soket, ta ɗan yi ƙarar-ƙarar, na ce wannan aikin mai gyaran rediyo ne na minti goma.

Sai na sa ya rataya ta ya tsaya. Bes na kai kilo 4, kuma tsawon tsirkiyarta inci 34 ne a yawancinsu. Mai ƙaramin jiki gara ya nemi mai inci 30. Shi dogo ne, hannunsa ya kai kan gaɓar farko ba tare da kafaɗa ta karkace ba.

Malamin ya haɗa ta da akwatin sautinsa, ya ce ya ja tsirkiyar sama da yatsa ɗaya. Ya ja. Tagar ɗakin ta amsa, kwanon rufi ya amsa. Yaron ya dafe ƙirji ya dube ni, bai ce komai ba.

Muka yi ciniki cikin mutunci, malamin ya ƙara masa da maɗauri da jaka, ya kuma ce ya riƙa zuwa ranar Asabar ya nuna masa hannu. Wannan tayin ya fi mini ragin kuɗin daɗi, don na san yawan jitocin da ke kwance a ƙarƙashin gado saboda masu su ba su sami wanda zai zauna da su ba. Abin da ya rage a kuɗin bai kai na akwatin sauti ba. Na hana shi sayen ƙaramin akwatin jita na yau da kullum, don bes na yaga lasifikarsa idan aka ƙure. Na ce ya jira kakar tumatir ta gaba ya nemi na bes mai wat 20 ko 25, ko kuwa 'yar na'urar nan da ake sokawa a jikin jita a saurara da abin kunne, mai aiki da ƙananan batura, tunda wuta sai ta ga dama take zuwa.

Daren da zan tafi na nuna masa dabarar da muka koya da ita tun ba mu da ko sisi. Na sa ya jingina kan jitar da ƙyauren katako na ɗakinsa, ya kaɗa. Ƙyauren ya ɗauki sautin ya kumbura shi, daidai yadda mutum ɗaya zai ji. Da asuba bayan an idar da salla na fito da jakata, na jiyo shi ta bayan ƙyauren yana jan tsirkiya ɗaya a hankali, yana ƙirga huɗu-huɗu. Mahaifinsa na tsaye a tsakar gida da buta a hannu, yana saurare.